Bashi da Sanyin Hunturu a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi kan Taimakon Ƙungiyoyin Agaji

Waɗannan amsoshi na iyalan da ke zaune a Birtaniya ne, waɗanda kuɗin wuta da gas suka fi ƙarfinsu, bashi kuma ya fara taruwa. Yawancin abin da aka faɗa ya shafi Ingila da Wales. Scotland da Ireland ta Arewa suna da nasu dokokin a wurare da dama, inda bambancin ya yi yawa kuma za a ambata.

Yaushe ake cewa gida ya shiga talaucin makamashi?

Tsohon ma'auni shi ne wanda Brenda Boardman ta jami'ar Oxford ta yaɗa a 1991: duk gidan da sai ya kashe fiye da kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu kafin ya ɗumama ɗakunansa yadda ya kamata, to ya shiga. Wales da Ireland ta Arewa har yanzu da wannan ma'aunin suke aiki, Scotland kuma ta ƙara masa wasu sharuɗɗa. Ingila ta canza nata. Tun 2021 abu biyu take dubawa: gidan ya kasance a mataki na D ko ƙasa da haka a takardar ingancin makamashi (mai auna yadda gida ke riƙe ɗumi, daga A mafi kyau zuwa G mafi muni), sannan in an cire kuɗin wuta da gas abin da ya rage wa iyalin ya faɗa ƙasa da layin talauci.

Wannan ma'auni na Ingila yana da gyara. Iyalin da ke zaune a gida mai mataki na C, ko da kwana suke yi cikin bargo ba su kunna hita ba, lissafin gwamnati bai ƙirga su ba. Ƙungiyoyin agaji ba sa tsayawa kan wannan. Abin da suke tambaya shi ne: kana iya ɗumama gidanka ka kuma ci abinci, ko sai ka zaɓi ɗaya? Hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18, musamman inda akwai tsoho, jariri ko mai ciwon ƙirji.

Me ya sa kuɗin ya hau haka, alhali ance akwai iyakar farashi?

Iyakar farashin da hukumar Ofgem, mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas, take sakawa tun Janairun 2019 tana rikita mutane. Ba ta ce kuɗinka ba zai wuce kaza ba. Farashin kowane ma'aunin wuta da gas ta ƙayyade, da kuɗin kullum da ake cira ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Wanda ya sha da yawa zai biya da yawa.

A Oktoban 2021 lissafin gida matsakaici ya kama fam 1,277 a shekara. Zuwa Afrilun 2022 ya kai fam 1,971. Bayan Rasha ta shiga Yukren gas ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, har iyakar ta kai fam 3,549 a Oktoban 2022, sai gwamnati ta sa baki ta riƙe shi a fam 2,500, ta kuma rage wa kowane gida fam 400 a wannan hunturun. Farashin ya sauko daga baya, amma bai koma inda yake a da ba, kuma bashin da mutane suka ci a waɗannan shekaru yana nan a wuyansu. Ga kuma gidajen kansu: da yawa tsofaffi ne, bangonsu ba ya riƙe ɗumi.

Wasiƙun bashi sun taru, kowa yana neman nasa. Da wanne zan fara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Yawanci wanda ya fi buga waya da aiko da saƙon barazana shi ake fara biya, galibi kamfanin katin bashi ko mai ba da rancen gaggawa. Alhali shi ne wanda ba shi da abin da zai iya yi maka nan kusa.

Masu ba da shawara kan bashi suna raba shi gida biyu, kuma ba girman kuɗin suke dubawa ba, abin da zai same ka in ba ka biya ba suke dubawa. Na gaba su ne kuɗin haya ko kuɗin jinginar gida, domin ana iya fitar da kai. Sai harajin ƙaramar hukuma, wanda yake saurin kaiwa kotu, daga can a turo masu ƙwace kaya ko a riƙa cira daga albashi. Sai wuta da gas, tarar kotu, kuɗin kula da yara da hukuma ta yanka, bashin haraji, da lasisin talabijin ga mai kallo. Na baya su ne katin bashi, rancen banki, kuɗin da ka ci ya wuce abin da ke asusunka, kayan da aka saya a biya daga baya, da bashin 'yan uwa da abokai. Ruwa ma yana cikin na baya ta fuska ɗaya: tun 1999 doka ta hana kamfani yanke wa gidan zama ruwa saboda bashi, ko da yake yana iya kai ka kotu.

Ba wai na bayan an yafe su ba ne. Ana tsare rufin gida da wuta da abinci tukuna, abin da ya rage a raba musu gwargwadon bashin kowa, ko da fam ɗaya ne a wata. Kamfanoni sun saba karɓar irin wannan tayi in ya zo tare da takardar kasafi daga ƙungiyar da suka sani.

Abu ɗaya kuma: a buɗe wasiƙun. Takardar kotu tana da wa'adin amsawa, wanda ya bar ta a rufe hukunci zai hau kansa ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Waɗanne ƙungiyoyi ne ke taimakawa, kuma nawa ake biyansu?

Ba a biyansu ko kwabo. Citizens Advice, wadda ta fara aiki a 1939, tana da ofisoshi a garuruwa da yawa, tana duba bashi da tallafin gwamnati da rigimar haya gaba ɗaya, kuma ita ce mai lura da ƙorafin masu amfani da wuta da gas. StepChange, mai hedikwata a Leeds, bashi kaɗai ta sa a gaba, ta waya ko ta intanet. National Debtline ta fi dacewa da wanda zai iya rubuta wa kamfanoni da kansa in an nuna masa hanya. Christians Against Poverty, wadda aka kafa a Bradford a 1996, ta coci-coci take aiki, har gida ake zuwa, kuma ba ta tambayar addinin mutum kafin ta taimake shi. National Energy Action ta ƙware kan wuta da gas da ɗumama gida. Turn2us tana da na'urar lissafi da za ta nuna maka tallafin da ka cancanta ba ka nema ba, da jerin ƙananan gidauniyoyi masu ba da kuɗi. A Scotland akwai Home Energy Scotland, a Wales akwai shirin Nest.

A yi hattara da tallan da ke yawo a Facebook da TikTok yana cewa gwamnati za ta shafe maka mafi yawan bashinka. Sau da yawa kamfanoni ne masu tattara sunaye su sayar wa masu shirya yarjejeniyar IVA (ta biyan masu bin bashi wani abu duk wata na wasu shekaru), domin a nan ribar take. Wasu har suna ɗaukar suna mai kama da na ƙungiyoyin nan. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka shawara, ko ya nuna maka hanya ɗaya tak tun bai ga kasafinka ba, ka rabu da shi.

In na kira su me za su tambaye ni? Turancina ba shi da ƙarfi.

Ka ce kana son tafinta tun farkon magana. Manyan ƙungiyoyin suna iya haɗa ka da tafinta ta waya, ko su yarda wani babba da ka amince da shi ya yi magana a madadinka. Gara kada a sa yaro ya yi wa iyayensa tafinta a kan bashi. Nauyi ne da bai kamata ya ɗauka ba.

Za su nemi takardar albashi ko ta tallafi, bayanan asusun banki na 'yan watannin baya, wasiƙun masu bin ka bashi, da lambar da mitarka take nunawa a ranar. Daga nan a zauna a rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita. Ka faɗi gaskiya duka, har kuɗin da kake turawa gida da zubin adashi. Mutanenmu kan ɓoye waɗannan biyu don gudun a ce almubazzaranci ne, sai a tsara musu biyan da ba za su iya riƙewa ba, wata biyu ya rushe. Mai ba da shawara zai iya gaya maka cewa masu bin ka bashi ba za su amince da duk abin da kake turawa ba, amma gara ya sani ya yi lissafi da shi.

Neman shawara shi kaɗai ba ya shiga tarihin bashinka, kuma ba a sanar da wurin aikinka.

Shin ƙungiyoyin suna biya wa mutum bashinsa?

Wani lokaci, amma kada a dogara da hakan. Babban aikinsu shi ne tsara maka bashin, su tsaya tsakaninka da masu binka, su kuma tono maka haƙƙin da kake da shi ba ka sani ba. Sau da yawa wannan ya fi kyautar kuɗi amfani, domin kyauta sau ɗaya ce, tallafin da aka gano maka kuwa duk wata ne.

Duk da haka akwai masu biyan bashin wuta da gas. British Gas Energy Trust, wadda aka kafa a 2004, tana da asusu na abokan cinikin British Gas da wani na mutanen wasu kamfanoni. EDF, E.ON Next, Octopus da ScottishPower su ma suna da nasu asusun na masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin ba hannunka yake zuwa ba, cikin asusunka na kamfanin ake zuba shi a rage bashin. Yawanci sai ka nuna ka riga ka nemi shawara wurin ƙungiya, ka kawo lambar mita ta kwanan nan da shaidar abin da kake samu. Suna son su ga cewa in an share tsohon bashi za ka iya biyan na gaba. Asusun nan buɗewa suke yi su rufe in kuɗi ya ƙare, don haka wanda aka ce masa an rufe ya sake dubawa bayan ɗan lokaci.

Mitata mai kati ce, kuɗin ya ƙare, ga yara a gida. Me zan yi yau?

Ka fara kunna bashin gaggawa da ke cikin mitar. Yawancin mitoci kuma ba sa ɗauke wuta da dare ko ƙarshen mako ko ranar hutu, sai an wayi gari shaguna sun buɗe. In waɗannan sun ƙare, ka kira kamfaninka ka ce musu wuta ta ɗauke, ba ka da abin sakawa, ka faɗi shekarun yaran da duk wani mara lafiya da ke gidan. Dokar Ofgem ta ɗora musu duba ba ka ƙarin bashi in gidan yana da masu rauni. Bashi ne, za a cire shi daga baya, don haka ka tsaya a kan a riƙa cira kaɗan-kaɗan.

Ka tambaye su kuma nawa mitar take cinyewa na tsohon bashi duk mako. Mutane da yawa suna saka fam 20 su ga rabi ya tafi nan take, su ɗauka haka abin yake. Kana da ikon neman a rage, domin dole kamfani ya duba ƙarfinka wajen yanka abin da za ka riƙa biya.

Sannan akwai baucan Fuel Bank Foundation, lamba ce da ake turo maka a waya ka kai shagon PayPoint ko Payzone a saka maka a kati. Ba kai tsaye ake nema ba, sai wata ƙungiya ta tura sunanka, kamar Citizens Advice, ƙaramar hukuma ko rumbun abinci na agaji. Rumbunan Trussell ma haka suke, da takardar turawa ake zuwa. Da rana kuma ɗakunan karatu na jama'a, masallatai da coci-coci da yawa suna buɗe ɗaki mai ɗumi a hunturu, ba a tambayar kowa dalilin zuwansa.

Kamfani zai iya yanke min wuta, ko ya sa min mita mai kati dole?

Yankewa gaba ɗaya ba kasafai ake yi ba yanzu. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Maris an hana yanke wa 'yan fansho da ke zaune su kaɗai, ko tare da wasu 'yan fansho, ko da yara 'yan ƙasa da 18. Abin da kamfanoni suka fi yi shi ne mayar da mutum kan mita mai kati, wani lokaci daga ofis kawai in mitar ta zamani ce.

A farkon 2023 binciken jaridar The Times ya bankaɗo yadda ake shiga gidajen marasa ƙarfi da takardar kotu a sa musu irin wannan mita. Aka dakatar da abin, Ofgem ta tsaurara doka. Yanzu an hana tilasta ta a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 2, ko tsoho ɗan sama da 75 da ba shi da mai taimaka masa, ko mai buƙatar wuta ba yankewa saboda na'urar jinya ko maganin da ke cikin firji. Amma kamfani ba zai san halin gidanka ba sai ka faɗa. Ka nemi a sa ka cikin Priority Services Register, rajista ce ta kyauta ta tsofaffi, naƙasassu, masu juna biyu da masu ƙananan yara.

Gwamnati fa, me take bayarwa?

Warm Home Discount ragin fam 150 ne a kuɗin wuta sau ɗaya a hunturu ga masu karɓar tallafi irin su Universal Credit da Pension Credit. A tabbata sunan mai karɓar tallafin ko na abokin zamansa yana kan takardar wutar. Cold Weather Payment fam 25 ne duk lokacin da sanyi ya kai sifili ko ƙasa na kwana 7 a jere tsakanin Nuwamba da Maris, ga wasu masu karɓar tallafi. Winter Fuel Payment na 'yan fansho ne, fam 200 ko 300. Ƙananan hukumomi ma suna da kuɗin agajin gaggawa, kowace da nata sharaɗin, da ragin harajin gida ga mai ƙaramin samu, da ragin kashi 25 ga babban da ke zaune shi kaɗai.

Bizata ta hana ni cin kuɗin gwamnati. Ni ma akwai abin da zan samu?

Akwai. Ɗalibai, ma'aikatan kula da tsofaffi da masu bizar aure da yawa suna ƙarƙashin wannan sharaɗi, kuma tsoron ɓata takardunsu yana sa su ƙi neman komai. Abin da sharaɗin ya hana jeri ne na musamman a dokar shige da fice: Universal Credit, tallafin haya, ragin harajin gida na masu ƙaramin ƙarfi, gidan ƙaramar hukuma da makamantansu. Shawara kan bashi ba ta ciki. Kyautar gidauniya mai zaman kanta, rumbun abinci, zakka, tsarin biya da kamfanin wuta, duk ba sa ciki.

Inda ake taka tsantsan shi ne kuɗin agajin da ke fitowa daga ƙaramar hukuma, domin wani nau'insa ana ƙirga shi cikin kuɗin gwamnati. Ka faɗi sharaɗin bizarka kafin ka karɓa. In akwai yara kuma iyali sun kai ga rasa abinci ko wurin kwana, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ba ƙaramar hukuma damar taimakawa, kuma wannan ba ya cikin abin da aka hana. Masu bizar iyali suna iya neman ma'aikatar cikin gida ta cire musu sharaɗin in sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, amma wannan sai da shawarar lauyan shige da fice mai rajista. Bashin asibiti na NHS kuma a kula da shi: in ya kai fam 500 ba a biya ba, yana iya jawo a hana mutum biza.

Ina jin kunya. Wannan ba roƙo ba ne?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya zo ƙasar nan ana kallonsa daga gida a matsayin mai kuɗi, shi ya fi kowa wahalar buɗe baki, kuma shirun nan tsada gare shi: kuɗin ruwa yana hawa, tara tana hawa, kuɗin kotu yana hawa. Asusun da kamfanoni suke warewa da tallafin gwamnati an tanade su ne don irin wannan rana, kai ma da kuɗin wutarka da harajinka aka tara su.

Ga musulmi, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ce a ba zakka. National Zakat Foundation, wadda ta fara a 2011, cikin Birtaniya take raba zakkar da ta tara, ta intanet ake nema, ba sai an tsaya gaban jama'ar masallaci ba. Mai damuwa da riba kuma ya sani cewa abu na farko da mai ba da shawara yake nema wurin masu bin bashi shi ne su dakatar da kuɗin ruwa.

Mene ne Breathing Space, DRO da sauran sunayen da ake ambata min?

Breathing Space, wanda ya fara a Mayun 2021, hutu ne na kwana 60. A cikinsa masu bin ka bashi ba za su kira ka ba, ba za su ƙara kuɗin ruwa ko tara ba, ba za su turo masu ƙwace kaya ba. Mai ba da shawara ne yake sa ka a ciki, sau ɗaya a wata 12. Ba ya shafe bashi, kuma hayar wata da kuɗin wutar da kake sha yanzu suna nan a kanka. Mai jinyar taɓin hankali mai tsanani yana da nasa, wanda ke ɗaukar tsawon jinyar da ƙarin kwana 30.

DRO na wanda ba shi da gida nasa ne, bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, abin da ke rage masa a wata bai wuce fam 75 ba, kadararsa ba ta wuce fam 2,000 ba, ban da mota da ba ta wuce fam 4,000 ba. Ana dakatar da bashin wata 12, in hali bai canza ba a shafe shi. A da ana biyan fam 90, an soke wannan a Afrilun 2024. Ayyana karayar arziki fam 680 ne, kuma mai gida yana iya rasa gidansa. IVA yarjejeniya ce ta shekara 5 ko 6. Tana dacewa da mai albashi tsayayye da kadarar da yake son tsarewa, amma an sha tura masu ƙaramin samu cikinta alhali DRO ce ta dace da su. Duk ukun suna zama a tarihin bashinka shekara 6, kuma ba sa shafe tarar kotu, kuɗin kula da yara ko bashin karatu. Akwai kuma tsarin biya a hankali wanda StepChange take shiryawa kyauta, ka ba ta kuɗi ɗaya a wata ita ta raba.

Scotland tsarinta daban ne: hutunta wata 6 ne, kuma tana da Debt Arrangement Scheme, nata tsarin biyan bashi a hankali.

Masu ƙwace kaya sun ce za su zo. In buɗe musu?

Ka fara tantance su waye. Ma'aikacin kamfanin karɓar bashi ba shi da ikon ɗaukar ko cokali, in ka ce ya tafi dole ya tafi. Wanda kotu ta ba izini shi ne mai iko, kuma sai ya aiko da sanarwa a rubuce kafin ya zo. Shi ma a yawancin basussuka, har da harajin ƙaramar hukuma, ba zai ɓalle ƙofa a zuwan farko ba, sai ka buɗe masa ko ya tarar da ita a buɗe. Tarar laifi da bashin haraji ne suke da nasu hukuncin. Ba ya shiga tsakanin 9 na dare da 6 na safe, ko in yara 'yan ƙasa da 16 ne kaɗai a gida. Ba ya ɗaukar tufafi, gado, murhu ko firji. Mota da ke waje kuwa yana iya ɗauka. Ka yi magana da shi ta bayan ƙofa, ka nemi takardunsa, ka kira Citizens Advice ko National Debtline a ranar.

Wani ɗan uwa a unguwa yana ba da rance da ruwa. Ba gara shi da banki ba?

Ana gudun gara a faɗa gidan zago ke nan. Duk mai sana'ar ba da rance ba tare da izinin hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ba laifi yake yi, ko da yarenku ɗaya, ko da sahu ɗaya kuke sallah. Alamominsa: ba takarda, kuɗin ba ya ƙarewa, yana riƙe katin banki ko fasfo, yana barazanar tona asiri a gida. Wanda ya karɓa bai yi laifi ba, kuma doka ba ta tilasta masa biyan irin wannan bashi. Stop Loan Sharks, masu binciken irin waɗannan masu ba da rance, suna karɓar rahoto a asirce. Adashi tsakanin amintattu ba wannan ba ne, sai dai mai bashin haya kada ya bar haya don ya cika zubi.

Bashin mijina ne. Za a bi ni?

Aure shi kaɗai ba ya ɗora miki bashin da ke da sunansa kawai. Wanda kuka sa hannu tare, ko kika tsaya masa, ana iya bin ki dukansa, ba rabi ba. Harajin ƙaramar hukuma ma yana kan ku biyu muddin kuna zaune tare. In an ci bashi da sunanki ba da saninki ba, ko an tilasta miki, ki faɗa wa mai ba da shawara ke kaɗai. Doka tana ɗaukar wannan a matsayin cin zarafi, kuma akwai hanyar da ake bi da bankuna a kai.

Gidan hayarmu danshi ne da fumfuna, ɗumi ba ya zama. Laifin wa?

Masu gida sun iya cewa ɗan haya ne ba ya buɗe taga. Wani lokaci da gaskiyarsu, shanya a ɗaki da girki ba iska suna kawo danshi. Amma yoyon rufi, bangon da ke tsotsar ruwa da tukunyar ɗumama gida da ta lalace, gyaransu na mai gida ne. Tun Afrilun 2020 an hana ba da hayar gida mai mataki ƙasa da E a Ingila da Wales, sai wanda aka yi wa rangwame a rubuce. Bayan rasuwar wani yaro ɗan shekara 2 a Rochdale a 2020 sakamakon fumfuna, an yi dokar da ta sa wa masu gidajen gwamnati da na ƙungiyoyin gidaje a Ingila wa'adin bincike da gyara, ta fara aiki a Oktoban 2025. Ka kai ƙorafi a rubuce, ka ɗauki hoto, in an yi shiru ka kai wa sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma. Kada ka riƙe kuɗin haya don fushi, wannan zai ba shi hujjar korarka. Ƙungiyar Shelter, mai taimako kan harkar gidaje, tana ba da shawara kyauta kan wannan.

An turo min wani ƙaton lissafi na shekarun baya. Dole in biya duka?

Ba lallai ba. In kamfani ne ya kasa turo maka lissafi daidai, dokar Ofgem ta hana shi cajin abin da ka sha fiye da wata 12 da suka wuce, sai dai in kai ka hana a karanta mita. Ka duba ko lissafin na ƙiyasi ne, ka tura lambar mita ta gaskiya, ka kuma duba ko ba bashin wanda ya zauna kafin kai ba ne aka haɗa maka. In kun yi mako 8 ba a warware ba, ka kai wa Energy Ombudsman, mai raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin wuta da gas, kyauta ne, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfanin in ka amince da shi.

Zan iya kunna gawayi ko murhun gas in ɗumama ɗaki, tunda hita tsada?

A'a. Gidajen nan a rufe suke ruf, gawayi a cikinsu yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. Haka barin murhun girki a kunne ko shigo da abin gashi na waje. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da ke sauƙi in an fita waje alama ce; a fitar da kowa, a buɗe tagogi, a kira 999 in wani ya jigata, a kira layin gaggawa na gas 0800 111 999. Taɓa mita don ta daina ƙirga kuma laifi ne, yana kuma haddasa gobara.

In kuɗi ya yi ƙaranci, a ɗumama ɗaki ɗaya da ake zama, a toshe ƙasan ƙofa, a rufe labule da magariba. Bargon lantarki wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai in an kwatanta da hita, kuma wasu kamfanoni da ƙungiyoyi suna raba shi kyauta. Hukumar kashe gobara ta yankinka tana zuwa duba gida ba tare da an biya ba, sau da yawa har ta sa ƙararrawar hayaƙi. A tambaye su ta kabon monoksaid, domin a gidan haya mai tukunyar gas sa ta wajibi ne a kan mai gida.